Tabar Kyuba da Takalman Suruki

Rabon Lemeki da ya hango yatsun ƙafarsa daga tsaye har ya manta. Mutumin da a da yake bin sawun aladen daji tun daga bakin teku har kan dutse, yanzu in zai duba ƙasa sai ya nemi abin dafawa, ya yi nishi, ya lallashi gwiwoyinsa. Mutanen ƙauye dai ba su sami labarin gwiwoyin ba. Shi ya sa ranar Talatar da aka wayi gari akwatin tabar Fetuao ya ɓace, shi aka aika a kira, yana tsakiyar cin gwaza da romon kwakwa.

Fetuao shi ne matai, shugaban dangi kuma babban ƙauyen, sannan kawun Lemeki ne. Akwatin kuwa tsaraba ce. Ɗansa Peni, saje a sojan Amurka, ya zo hutu ya biyo ta Okland, wani birni a ƙasar waje, ya kawo masa naɗaɗɗiyar taba mai kauri irin ta manya, a akwatin katako mai ƙamshi. Tsohon ya ajiye ta a kabad don ranar Asabar, ranar buɗe sabon zaurensa na baƙi.

Lemeki ya tarar bayan gidan ya cika. Ruwan da ya kwana yana zuba ya ɗauke da asuba, rairayin tsakar gida ya kwanta lumui. Fetuao na kan kujera, kumburarriyar ƙafarsa a kan matashi, yana nuna wasu takalman roba da sanda. Farare ne, irin na ma'aikatan gwangwanin kifi, caɓa-caɓa da laka.

"Ga ɓarawon nan, ya tuɓe ya bar mana rabinsa a bakin ƙofa," in ji Fetuao. "Kai dai ka duba, don kada a ce ban yi adalci ba."

Mai takalman yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye. Alapati ne, mijin Lupe, 'yar Fetuao. Mutumin Apia ne, daga tsallaken ruwa, ƙasar da ba ta ƙarƙashin Amurka kamar wannan tsibirin, kuma zamansa a nan ya rataya ne a kan sa hannun surukinsa, don shi ya tsaya masa a ofishin shige da fice. Shi ke hawan kwakwa, shi ke hura wutar gashi, shi ke ci a ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ba," ya ce, bai ɗago ba.

Fetuao ya ce, "Majalisa za ta zauna da yamma. In akwatin bai fito ba, na janye hannuna. Jirgin Apia na tashi ranar Alhamis."

Lupe na tsaye da goyo, ɗayan yaron ya riƙe mata zane. Wata daga cikin matan ta ce ai dama ta daɗe tana lura da idonsa. Wani ya ce mutanen tsallake ke nan.

"Kawu, me zai hana a kira 'yan sanda?" Lemeki ya tambaya.

"A'a," in ji Peni, tun kafin ya rufe baki.

Lemeki ya dube shi. Sajen ya kawar da kai.

* * *

Lemeki ya kori mutane gefe, ya dafa sandar shanya ya duƙa. Sawun ya fita daga ƙofar baya, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta bayan madafa zuwa rafi, ya dawo. Na takalman ne, babu ja. Sai dai takun gajere ne, kuma dunduniyar tana jan rairayi, kamar ƙafar da ke ciki tana iyo. A tsakiyar fili, inda babu dutse babu kududdufi, sawun ya kauce hagu, ya zagaya, ya koma kan hanya. A dawowa ma haka. Lemeki ya ce a ransa ko kare ne ya kwanta a wurin, amma babu shatin kare.

A bakin rafi ya sami sauran. Ganyen taba ne ya jiƙe ya warware, ya maƙale a saiwoyin bishiya, da 'yan zobban takarda masu ruwan zinariya, irin waɗanda ake ɗaura wa kowace taba. An ɓalle murfin akwatin an tura shi ƙarƙashin dutse. Ya tsaya yana kallon ganyen na lilo a ruwa. Wanda ya saci taba don ya sha ko ya sayar ba ya yi mata wanka.

Ya cusa zobban a ƙugun zanensa, ya hau gangaren yana hutawa a hanya, da sunan duba ƙasa.

* * *

Peni na wanke motar babansa, wadda ruwan sama ya riga ya wanke.

"Saje, ka ƙi 'yan sanda da sauri."

"Yaya Lemeki, ka san daga ina tabar take?"

"Okland aka ce."

"A Okland na saya. A Kyuba aka naɗa ta." Ya waiga ya rage murya. "Akwai takunkumi. Duk wanda ke ƙarƙashin tutar Amurka, ba shigo da ita kaɗai aka hana shi ba, ko a wata ƙasa yake ba shi da ikon ya saya. Mutumin Okland zai sha a gabanka, halak ɗinsa ne. Ni in na miƙa hannu na karɓa, na karya doka. Farar hula ƙila a ƙwace a ci shi tara. Ni fa soja ne, saura kaɗan in yi ritaya."

"To wa ya aike ka?"

"Baba. A gaban dangi ya faɗa, ta waya, ana ji. Ka taɓa ce masa a'a?"

"Sau ɗaya. Har yanzu kunnen nan ba ya ji sosai."

Peni bai yi dariya ba. "Na raba ta cikin safa na wuce kwastam, zufa har cikin takalmi. Na ɗauka zai sha abarsa a ɗaki. Ashe shela za a yi. Ranar Asabar manjon rundunarmu zai zo daga Honolulu, shugaban kwastam ma an gayyace shi."

"Ke nan ɓatan akwatin ya yi maka daɗi."

Sajen ya ajiye soso. "Ya yi. Amma ba ni ba ne. Dubi ƙafata."

Lemeki ya duba. Kowace ɗaya kamar kwalekwale, ta isa a ɗaura mata inji a tafi kamun kifi. Rabinta ba zai shiga takalmin Alapati ba.

"Kuma kana kallo za a tura mijin ƙanwarka jirgi."

"In na yi magana a majalisa, me zan ce? Akwai ma'aikacin kwastam a cikin dattawan." Ya ɗauki soson ya ci gaba da goge gilashin da ba shi da datti.

* * *

Tun daga hanya Lemeki ya jiyo ƙamshin. Masunu, kakakin Fetuao kuma mai shelar kyaututtuka, yana kishingiɗe a rumfarsa da guntun taba mai kauri a baki, yana busa hayaki kamar mai gidan mai.

"Kama ɓarawo bai taɓa yi mini sauƙi haka ba," in ji Lemeki.

"Zauna, uban tumbi, kafin ka faɗo mini a kai. Wannan maigida ne ya ba ni da hannunsa, ranar Lahadi, don maƙogwarona ya san abin da zai yaba."

"Me za ka ce ranar Asabar?"

Masunu ya gyara zama, ya buɗe ƙirji. "Daga Saje Peniamina, ɗan Fetuao, jarumin Amurka, akwatin tabar Habana ta ƙasar Kyuba, wadda ko shugaban ƙasa ba ya samu!" Kaji suka watse daga ƙarƙashin rumfar. "Ka ji? Ni zan saci wannan? Shekara da shekaru ina shelar kwalin kifin gwangwani da cinyar kaza."

"In ka ce taba kawai fa?"

"Kyautar da ba a faɗi sunanta da na mai ita ba, an raina mai bayarwa, an raina mai karɓa. Ko alade aka kawo sai na faɗi girmansa. Haka na gaya wa Peni, haka na gaya wa mahaifiyarsa."

"Inna Eseta ta zo?"

"Jiya da yamma, da kwanon kifi. Na ci kifin, na ce a'a." Ya miƙo guntun. "Ja ɗaya?"

"Ina ƙarƙashin tuta."

"Ni ma. Tutar ba ta da hanci."

* * *

Alapati na bayan madafa yana ɓare kwakwa, don ko wanda za a kora sai ya gama aikin rana. Lupe na zaune kusa da shi.

"Ina ka bar takalmanka jiya?"

"Inda nake barinsu kullum, Yaya. Bakin ƙofa. Na wanke su kafin in kwanta."

"Bai motsa daga gefena ba sai da Baba ya fara kira," in ji Lupe. "Na faɗa, an ce ai matarsa ce ni."

"Ka san wace irin taba ce?"

"Ban ma ga cikin akwatin ba. Ba a kirana ɗaki in ana buɗe irin waɗannan." Ya buga kwakwar a kan tsinken ƙarfe. "Shekara tara ina gidan nan. Ko ƙwai ban taɓa ɗauka ba sai na tambaya."

Ya miƙe ya tafi ɗauko wata. Lemeki ya bi shi da ido. Takunsa dogo ne, irin na mai hawan bishiya, kuma ya ratsa tsakiyar fili kai tsaye.

Rana ta fara karkata. Lemeki ya koma inda sawun ya kauce, ya duƙa ba tare da abin dafawa ba, gwiwar hagu ta yi abin da ta saba, ya zube a kanta. Yana durƙushe yana zagin ta a hankali, ya ɗaga kai. Ga kusurwar madafa a dama, ga tsohuwar bishiyar mangwaro a gaba. Ya taɓa durƙusawa a daidai nan, yana kallon waɗannan biyun, da shebur a hannu.

Yana saurayi lokacin. Kafin Peni, kafin Lupe, Eseta ta haifi 'ya mace da ba ta yi kuka ba. Manyan gida a gaban gida ake binne su, a yi musu siminti, yara su yi wasa a kai. Wannan kuwa ba a sa mata suna ba, kuma Fetuao yana Hawai a lokacin. Kakarsu ta kira Lemeki ta ce ya haƙa a baya, kada ya yi surutu. Ba a sa dutse ba. Da Fetuao ya dawo aka nuna masa wurin sau ɗaya, ba a ƙara tada maganar ba.

Ya daɗe a durƙushe, kuma wannan karon ba laifin gwiwa ba ne.

* * *

Eseta na cikin madafa tana naɗe ganyen gwaza. Mace ce ƙarama, ba ta kai kafaɗar mijinta ba, kuma ita ke jan waƙa a coci.

"Inna, sannu da aiki."

"Ka ci abinci?"

"An katse ni." Ya zauna a kan turmi, ya fito da zoben takarda ɗaya ya ajiye a gefen tirenta. "Takalman sun yi miki yawa."

Hannunta bai tsaya ba. "Su na tarar a bakin ƙofa. Hanyar rafi duwatsu ne masu yanka."

"Na yarda ba da gangan ba ne. Da safe fa, da Kawu ya nuna Alapati da sanda?"

Ta ɗaure ganyen, ta ɗauki wani. "Na roƙi kawunka, ya ce dokar Washinton ta tsaya a Washinton. Na roƙi Masunu, ya cinye mini kifi. Peni sau biyu ana kai shi yaƙi, sau biyu ina kwana a coci. Ya dawo da ƙafafunsa, sai ganye ne zai tuɓe masa kaki a gaban manjonsa?"

"Alapati fa?"

"Alapati zai koma wurin uwarsa, ba kurkuku ba. In hankali ya kwanta zan sa a dawo da shi."

"Da sunan ɓarawo. Yaransa za su tashi da shi."

"In na buɗe baki sai an tambaye ni dalili, in na faɗi dalili na yi aikin Masunu da kaina." Ta ɗago ta dube shi. "Ni na yi maka wanka kana jariri, Lemeki. Za ka tsaya a gaban maza ka kira sunana?"

"Ba zan kira sunan kowa ba."

"To me za ka yi?"

"Sawu na iya, Inna. Shi zan nuna."

Ta jefa zoben cikin wuta.

* * *

Dattawa suka hallara a tsohon zaure, kowa ya jingina da ginshiƙinsa. Aka zaunar da Alapati a waje, a rana. Fetuao ya ce a taƙaita, ƙafarsa na zugi.

"Ranku ya daɗe, ni ba na iya magana a kan tabarma," in ji Lemeki. "Ku taimaka mu zaga baya."

Aka yi gunaguni, amma aka tashi. Samari suka ɗauko kujerar Fetuao da shi a kai. Mata suka fito daga madafa suka tsaya a inuwa. Lemeki ya ɗage ganyen kwakwar da ya rufe sawun da shi, ya nuna layin da tsinke, daga ƙofa har inda ya kauce ya zagaya.

"Saje, taka daga ƙofa zuwa mangwaron can."

Peni ya taka, miƙe, kamar a fareti.

"Masunu."

"Ni ma? To a dai lura da kyawun tafiyar." Ya wuce miƙe.

"Alapati."

Alapati ya wuce miƙe, ya dawo miƙe, bai san me ake nema ba.

"Kowa a gidan nan ta tsakiya yake bi," in ji Lemeki. "Babu rami, babu dutse. Wanda ya sa takalman nan, cikin sauri, gari bai gama wayewa ba, da kaya a hannu, ya tsaya ya zagaye wurin da babu komai. Zuwa da dawowa."

"To sai me?" wani dattijo ya ce. "Maye ne ƙila."

Fetuao ya bi sawun da ido. Ya dubi kusurwar madafa, ya dubi mangwaron, ya dubi filin. Sandar da ke hannunsa ta daina motsi.

Lemeki ya juya wajen Eseta. "Inna, Kawu na jin ƙishi. Ki taimaka masa da ruwa."

Akwai 'yan mata a wurin da aikinsu ke nan. Ɗaya ta yunƙura, Eseta ta dafa ta. Ta shiga madafa ta fito da kofi. Tsakaninta da kujerar mijinta fili ne fetal, kuma Lemeki ya san ta gane. In ta taka ta tsakiya, shi ke nan, ya zama ƙaton banza mai wasa da rairayi, kuma Alapati ya hau jirgi.

Ta taho miƙe, idonta a kan Lemeki. Ruwan kofin ko girgiza bai yi ba. Ta iso bakin wurin ta ɗaga ƙafa.

Ƙafar ta tsaya a sama. Yaron da ke bayan Lupe ya yi tari. Eseta ta dubi rairayin, leɓenta ya motsa, ta sauke ƙafar a hagu, ta zagaya, takunta na faɗawa kusa da shatin takalman ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta miƙa wa mijinta kofin.

Dattawan ba su san abin da ke ƙarƙashin rairayin ba, amma suna da ido. Babu wanda ya dubi ɗan'uwansa. Peni ya buɗe baki, uwarsa ta girgiza masa kai kaɗan, ya rufe.

Fetuao ya karɓi ruwan da hannu biyu. Ya shanye shi duka, a hankali.

"Ba a yi sata a gidana ba," ya ce. "Kayan gida ne, uwargida ta yi abin da ta ga dama da su. Na tara ku a banza, laifina ne, zan ciyar da majalisa."

"To shelar fa, ranka ya daɗe?" Masunu ya tambaya a hankali.

"Ka yi ta kifin gwangwani." Ya juya. "Alapati. Shigo inuwa."

Alapati ya matso, ya tsaya a bakin inuwar.

"Na nuna ka da sanda a gaban mutane. Ranar Asabar a gaban mutane za ka zauna kusa da ni, Masunu ya kira sunanka."

A bakin Fetuao wannan ya fi durƙuso. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce madalla. Alapati ya dubi Eseta, wadda har yanzu tana durƙushe, ya dubi Peni, ya dubi matar da ta ce ta daɗe tana lura da idonsa.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. Ya ɗauki takalmansa ya tafi famfo ya wanke su.

Lemeki ya koma gida ya tarar an ba kare gwazarsa. Bai damu ba. Ya shafa man zafi a gwiwa, ya gaya wa matarsa yadda aka yi, ya ɗan ƙara gishiri a wajen gangaren rafi. A ganinsa ya yi aiki mai tsabta: saje ya tsira da kakinsa, ba a kira sunan tsohuwa ba, suruki ya fita fes.

Ranar Asabar zaure ya cika, manjo ya zo, Masunu ya yi shelar kifin gwangwani har muryarsa ta tafi. An shimfiɗa sabuwar tabarma a hannun daman Fetuao.

Ba wanda ya zauna a kai. Alapati ya hau jirgin Apia tun ranar Alhamis, shi da Lupe da yaran, kuma shi ya sayi tikitin.